Yaro Ya Koyi Sana'a, Ko Ya Ci Gaba Da Karatu?

 

Maganar da zan yi muku yau ta 'ya'yanku ce. Da yawa cikinku kuna da yaro a makaranta. Wata rana zai kai inda hanya ta rabu biyu. Za a ce masa, ga makarantar koyon sana'a, ga kuma makarantar karatu zalla, a zaɓi ɗaya. Sai uba ya zauna ya yi tagumi. Ya ce a ransa, in na sa shi wajen sana'a zai sami abin yi da wuri, amma kada ya zama na toshe masa hanyar jami'a da hannuna. In kuwa na bar shi wajen karatu zalla, watakila ya gama ya komo gida ya zauna, ba aiki, ba sana'a. In ya nemi shawara, wani ya ce masa, ai taura biyu ba ta taunuwa.

To, ba a kanku aka fara wannan tunani ba. Akwai ƙasar da ta yi shekara fiye da ɗari tana fama da shi, watau Amurka. Sun bi wata hanya ta ɓaci, sun komo sun gyara. Sa'an nan masanansu suka bi sawun yara dubbai, don su ga inda kowa ya ƙare. Labarinsu zan ba ku, ku auna da kanku.

YADDA MAKARANTUNSU SUKE

A Amurka yaro yakan yi aji 12. Aji huɗu na ƙarshe su ne babbar sakandare. Yakan gama yana da shekara 18 ko kusa da haka. In ya gama, wani ya tafi jami'a ya yi shekara huɗu ya sami digiri. Wani ya shiga ƙaramar kwaleji ta shekara biyu, wadda take kusa da gida, kuɗinta kuma da sauƙi. Wani kuwa ya kama aiki.

Tun yana sakandare yaro yana iya ɗaukar darussan sana'a. Akwai noma, da gini, da aikin kafinta, da walda, da gyaran mota, da aikin lantarki, da jinya, da girki, da aikin kwamfuta. In ya ƙware sai ya zauna jarrabawar sana'ar. In ya ci a ba shi takardar shaida. Sau da yawa ba makaranta ke ba da wannan takarda ba. Ƙungiyar masu sana'ar ke bayarwa, ko wani kamfani, ko hukumar jiha. Kun ga ke nan yaro yana iya fita da takarda biyu a hannu, ta gama makaranta da ta sana'a.

Abin tambaya shi ne, yaron da ya fita da takarda ta biyun nan, yana kaiwa kwaleji kuwa? Kafin in amsa, bari mu koma baya kaɗan.

MAFARIN ABIN

Cikin shekarar 1862 shugaban Amurka Abraham Lincoln ya sa hannu a wata doka. Dokar ta ba jihohi filaye, eka 30,000 a kan kowane wakili da jiha take da shi a majalisar ƙasa. Aka ce su sayar, su kafa kwalejojin da za a koyar da noma da aikin injuna. Jami'ar Jihar Kansas tana cikin waɗanda aka kafa ta wannan hanya. Malamanta kuwa sun zo Zariya cikin shekarun 1960, sun taimaka wajen tayar da sashen noma da na likitan dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello. Watau tun farko an ga aikin hannu yana iya shiga har cikin jami'a.

Amma gardama ba ta ƙare ba. Akwai wani baƙar fata, sunansa Booker T. Washington. Cikin bauta aka haife shi, a shekarar 1856. Da aka 'yanta bayi ya nemi ilmi da wahala, har ya zama malami. Cikin 1881 ya buɗe makaranta a garin Taskigi, a jihar Alabama. Almajiransa su suka buga tubali, suka gina ɗakunan karatunsu da hannunsu. Ra'ayinsa shi ne, mutanensa su fara riƙe sana'a su tsaya da ƙafarsu, girma ya biyo baya.

Wani baƙar fata kuma, babban masani, sunansa Du Bois, ya ƙi yarda. Cikin 1903 ya rubuta littafi ya soki wannan ra'ayi. Abin da ya ji tsoro shi ne, in aka tsare 'ya'yan baƙar fata a aikin hannu kaɗai, daga ina za su sami likitoci da lauyoyi da malaman da za su koya wa na baya? Du Bois ya ƙare kwanansa a Ankara, ƙasar Gana, a 1963. In kun lura, gardamar mutanen nan biyu ita ce wadda uban yaron nan yake yi da zuciyarsa.

INDA AKA YI KUSKURE

Cikin 1917 majalisar Amurka ta yi wata doka, ana kiranta dokar Smith da Hughes, sunan 'yan majalisa biyu da suka kawo ta. Gwamnatin ƙasa ta fara ba jihohi kuɗi don koyar da noma, da sana'o'in hannu, da aikin gida, a makarantun sakandare. Niyyar tana da kyau. Amma dokar ta ware kuɗin sana'a daban, ta kuma ce ilmin da za a bayar ya zama ƙasa da na kwaleji, na shirya yaro ya kama aiki ne kawai. Yaron da ke koyon sana'ar hannu, tilas ya yi aƙalla rabin lokacinsa wajen aiki.

Sannu a hankali sai aka gina katanga a tsakiyar makaranta. Wannan gefe na masu zuwa jami'a, wancan gefe na masu zuwa masana'anta. Su wa aka fi turawa gefen sana'a? 'Ya'yan talakawa, da 'ya'yan baƙar fata, da 'ya'yan baƙi waɗanda suka yi ƙaura zuwa ƙasar. Sau da yawa ba a tambayi yaron ba, ba a tambayi ubansa ba. Lissafin da ake koya musu ragagge ne, karatun ma haka. In yaro ya gama ya ce yana son kwaleji, sai a ce ai ba ka yi darussan da ake nema ba. Ƙofa ta rufu tun yana ɗan shekara 14, bai sani ba.

Saboda haka sashen sana'a ya yi baƙin jini. Iyaye suka riƙa gudunsa. Tsoron da Du Bois ya ji ya tabbata a kan yara da yawa.

YADDA AKA GYARA

Cikin 1984 aka yi sabuwar doka, aka sa mata sunan Carl Perkins, wani ɗan majalisa daga jihar Kentaki wanda ya daɗe yana yi wa ilmin talakawa hidima. An yi ta gyara ta. Gyaran 1990 ya ce tilas a haɗa koyon sana'a da karatu da lissafi, a kuma haɗa shekara biyu na ƙarshen sakandare da shekara biyu na ƙaramar kwaleji, su zama hanya ɗaya miƙaƙƙiya. Cikin 2006 har sunan abin aka sake, don tsohon sunan ya ɓaci. An sake sabunta dokar a 2018. Kuɗin da gwamnatin ƙasa ke bayarwa ta wannan hanya ya wuce dala biliyan ɗaya kowace shekara.

Jihohi ma suka yi nasu ƙoƙari. A jihar Masacuset akwai makarantun sana'a inda yaro yakan yi mako ɗaya a ɗakin aiki, mako ɗaya a ɗakin karatu, kuma jarrabawar jiha da kowane yaro ke yi, shi ma ita yake yi. A jihar Fulorida an yi doka cikin 2007, wadda ta sa ake ƙara wa makaranta kuɗi in yaranta suka ci jarrabawar sana'a. Wasu takardun kuma, in yaro ya kai su kwalejin jihar, akan lissafa masa su cikin darussan da ya riga ya yi, a rage masa kwana da kuɗi.

ABIN DA AKA GANI DA AKA BI SAWUN YARA

Kun san yadda malamin gona ke gwada taki. Yakan raba gona ɗaya biyu, iri ɗaya, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya. Ya sa wa gefe ɗaya taki, ya bar ɗayan. In kaka ta yi a auna. Haka masana suka yi da makarantu.

Gwaji na fari, wata ƙungiyar masu bincike da ake kira MDRC ta fara shi cikin 1993, a makarantu tara. A kowace makaranta akwai sashen da ake haɗa sana'a da cikakken karatu. Masu son shiga sun fi gurabe yawa, sai aka yi ƙuri'a. Wanda ƙuri'a ta faɗa wa ya shiga, wanda ba ta faɗa wa ba ya yi karatu irin na kowa. Aka bi sawun yara wajen 1,400, har shekara takwas bayan lokacin gama sakandare. Cikin 2008 aka ba da labari. Inda yaron da bai shiga ba ya sami dala 100 wajen aiki, wanda ya shiga ya sami dala 111. In maza kaɗai aka duba, dala 117 ne. To, batun kwaleji fa? Ba a ga bambanci ba. Yawan waɗanda suka ci gaba da karatu suka sami takarda, ɗaya ne a gefen nan da wancan. Watau sana'ar ta ƙara musu kuɗi, ba ta rage musu karatu ba.

Gwaji na biyu a jihar Konetikat aka yi shi. Can akwai makarantun sana'a zalla, waɗanda ake shiga da maki. Masana suka ɗauki yaran da suka haye da ƙyar, suka gwada su da waɗanda maki kaɗan ya hana su shiga, tun da ƙoƙarinsu kusan ɗaya ne. Cikin kowane yara maza 100, an sami ƙarin kamar 10 da suka gama sakandare saboda shiga makarantar sana'a. Kuɗin da suke samu wajen aiki kuma ya ɗara na 'yan'uwansu da kusan sulusi. Amma a nan an ga raguwa wajen zuwa kwaleji, kamar yara 8 cikin 100. Dalili a fili yake. Saurayin da albashi mai kyau ke jiransa, da wuya ya bar shi ya koma benci.

Wajen 'yan mata kuwa ba a ga wannan ƙarin kuɗi ba. Su sun fi yawa a sashen gyaran gashi da girki, maza kuma a sashen gini da lantarki da injuna, inda kuɗin ya fi. Wannan abin lura ne ga mai 'ya mace. Irin sana'ar da aka zaɓa mata, shi zai nuna abin da za ta samu.

Bincike na uku a jihar Arkansas ne, an ba da labarinsa a 2016. An ga yaran da suka tsaya kan sana'a ɗaya suka yi mata darussa da dama, sun fi gama sakandare, sun kuma fi shiga kwalejin shekara biyu. Wajen shiga jami'ar shekara huɗu kuwa, ba su kasa sauran yara ba.

TAKARDA SUNA TA TARA

Yanzu mu zo kan takardar kanta. A nan akwai gargaɗi.

Tun da aka fara yaba wa makarantu bisa yawan takardun sana'a da yaransu suka samu, sai wasu suka karkata ga takardun da suka fi sauƙin ci. Cikin 2019 wasu masu bincike suka tattara takardun da yaran sakandare ke samu a jihohi da dama, suka gwada su da abin da masu ɗaukar ma'aikata ke nema cikin sanarwarsu. Suka tarar kamar ɗaya cikin biyar ne kaɗai ake nema. Sauran huɗun, yaro ya sha wahala ya samu, amma ba mai tambayarsa ita.

A jihar Teksas kuma an yi wani bincike, aka ba da labarinsa a 2022. An ga takardar sana'a tana ɗan ƙara wa yaro samun aiki da kuɗi a farkon fitarsa. Amma mafi yawan waɗanda suka same ta, ba aikin sana'ar suka kama ba, waɗanda suka tafi kwaleji kuma ba ita suka je karantawa ba. Watau yaro ɗan shekara 16 bai gama sanin abin da zai zama ba tukuna. In aka ɗaure shi da igiya ɗaya, ranar da ya so juyawa sai ya rasa hanya.

Akwai kuma batun tsufa. Wani masani ɗan Amurka, Eric Hanushek, da abokan aikinsa, sun duba ƙasashe da dama, suka buga abin da suka gani a 2017. Mai ilmin sana'a yakan riga mai karatu zalla samun aiki a ƙuruciya. Amma in girma ya zo, abin yakan juya. Me ya sa? Don sana'a tana sauyawa. Kun ga misali da idonku. Mai gyaran rediyo na da, yau wayar hannu ake kawo masa. Makanikin da ya ƙware a tsohuwar mota, yau ana kawo masa motar da sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta. Wanda ya iya karatu da lissafi sosai zai ɗauki littafin sabon inji ya karanta, ya koyi sabon aiki. Wanda hannunsa kaɗai ya iya, zamani yakan wuce ya bar shi.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

To, jama'a, in muka tattara labarin nan, ga abin da ya fito. Koyon sana'a a makaranta ba shi ke hana yaro zuwa kwaleji ba. Abin da ya rufe wa yaran Amurka ƙofa a da shi ne rage musu karatu da lissafi da aka yi da sunan sana'a. Inda aka ba su duka biyu cikakku, sun sami aiki, hanyar karatu kuma tana nan buɗe. Taura biyu ta taunu, da yake an ba yaro ɗaya bayan ɗaya, cikin tsari.

Amurka daban, ƙasarmu daban. Kuɗinsu da masana'antunsu ba irin namu ba ne, kada ku ɗauka lissafinsu zai fito daidai a nan. Amma tsarin yana da kama. A Nijeriya akwai kwalejojin koyon sana'a, akwai kuma hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992 don yi wa ɗalibansu jarrabawa. Ana karɓar takardarta wajen neman shiga manyan makarantu, muddin yaro ya ci darussan da ake bukata, Turanci da lissafi a kan gaba, ya kuma ci jarrabawar JAMB. Saboda haka, ran da za ka kai ɗanka ko 'yarka makarantar sana'a, kada ka yi cinikin biri a sama. Je ka da kanka, ka gai da shugaban makaranta, ka yi masa tambaya huɗu.

Ta ɗaya: Wa ke ba da takardar da yaro zai samu? Hukuma ta san da ita? Akwai masu buga takarda mai ado su karɓi kuɗin mutane, ba inda ake karɓarta.

Ta biyu: Yaran da suka gama bara da bara waccan, ina suke yanzu? Nawa suka sami aiki, nawa suka ci gaba da karatu? Makarantar kirki ta san inda 'ya'yanta suke. In ka sami hali, ka nemi ɗaya daga cikinsu ka ji daga bakinsa.

Ta uku: Ana koyar da Turanci da lissafi da kimiyya cikakku, har yaro ya zauna jarrabawarsu? In aka ce maka ai mai sana'a ba ya bukatarsu, ka tuna da katangar 1917, ka nemi wata makaranta.

Ta huɗu: Akwai kayan aiki, yara suna taɓa su da hannunsu? Ka roƙa a nuna maka ɗakin aiki. Walda ba ta koyuwa a kan allo. In ka tarar da injuna ƙura ta rufe su, ka san abin da ake ciki.

Bayan wannan, ka zauna da yaron ka ji ra'ayinsa. Kuskuren da aka yi a Amurka, babbansa shi ne yanke wa yara hukunci ba a tambaye su ba, don kawai iyayensu talakawa ne. Kada mu yi wa namu haka da kanmu. In yaro yana son aikin hannu, a ƙarfafa shi, kada a ce masa ya gaza. In kuma ya koyi sana'a ya ce yana son ya wuce gaba, kada a ce masa ai abin da ka samu ya isa. Mai gyaran lantarki yana iya zama injiniya. Mai taimakon jinya tana iya zama cikakkiyar nas. Sana'ar ma ita za ta taimaka wajen biyan kuɗin makaranta.

Ku kuma da kuke zaune a wannan aji, abin nan ya shafe ku kai tsaye. Takardar sakamakon da yaro zai kawo gida ƙarshen zango, wa zai duba ta? In uba ya iya karantawa, zai ga inda aka rubuta lissafi, ya ga makin da ke gabansa. In ya ga abin yana ƙasa, ya tashi tun da wuri ya ga malami, tun ƙofa ba ta rufu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Iyakar abin da ke gare ni ke nan yau. In kun koma gida, ku kira yaranku ku tambaye su darussan da suke yi, ku sa su rubuta muku sunayensu a takarda. Ran da muka sake haɗuwa, kowa ya zo da tasa, mu karanta tare.